Damisar Asiya mai neman wurin zama

Darasin sanin dabbobi

1. Wace dabba ce?

Kowane yaro ya taɓa jin labarin damisa, wadda ake yi wa kirari da "ƙi sabo". Damisar da aka sani a Afirka jikinta roɗi-roɗi ne. A nahiyar Asiya akwai wata ƴar'uwarta wadda ta fi ta girma ƙwarai. Ita ba ta da roɗi-roɗi. Gashinta ruwan goro ne, da baƙin ratsi daga gadon baya zuwa ciki. Da faransanci sunanta "tigre". Babu irinta a dajin Afirka. Ana samunta a Indiya, da Nefal, da Butan, da Bangaladash, da gabashin Rasha, da tsibirin Sumatara, da waɗansu ƙasashe kaɗan. Cikin wannan darasi, duk inda aka ce damisa, ita ake nufi.

Ita ce babba cikin dangin kyanwa. Ƙosasshen namiji a Indiya yakan haura kilo 200, wato ya fi manyan buhunan gero biyu nauyi. Mace ba ta kai haka ba. Damisa tana son ruwa, kuma ta iya iyo. Da dare take farauta. Abincinta barewa, da aladen daji, da ɓauna.

Ratsin kowace damisa daban yake, kamar yadda zanen yatsan kowane mutum yake daban. Saboda haka ma'aikatan gandun daji suna ɗaure na'urorin ɗaukar hoto a jikin itatuwa. In damisa ta gitta, sai na'ura ta ɗauke ta. Da ratsin ake gane ta, a ba ta lamba.

2. Kowa da yankinsa

Zakuna cikin garke suke zaune. Damisa kuwa ita kaɗai take zama. Dalili shi ne abinci. Damisa guda tana cin manyan namun daji kamar 50 a shekara, kusan ɗaya kowane mako. Don kada naman ya ƙare, sai dajin ya kasance da kamar 500, ta ci ɗaya cikin goma, sauran su hayayyafa. Namun daji 500 ba su zama a ɗan ƙaramin wuri. Shi ya sa kowace damisa take riƙe da yanki nata.

Inda nama yake da yawa, yankin mace bai wuce murabba'in kilomita 10 zuwa 20 ba. A gabashin Rasha, inda sanyi ya yi yawa kuma nama ya yi kaɗan, yakan kai murabba'in kilomita 400. Yankin namiji ya fi na mace faɗi. Yakan haɗiye yankunan mata biyu, ko uku, ko fiye.

Manomi yana shuka gamba ko ya kafa dutse don a san iyakar gonarsa. Damisa ma tana da nata alamun. Tana fesa fitsari a jikin itace. Tana karce ɓawon itace da farce. Tana tona ƙasa da ƙafafun baya, ta bar kashi a wurin. Da dare kuma tana ruri, a ji ta daga nesa. Baƙuwar damisa in ta sansana wurin, ta san da mai shi. In ta ƙi kaucewa, sai faɗa. Faɗan maza biyu yakan ƙare da mummunan rauni, wani lokaci da mutuwa. Ba a sarki biyu a gari ɗaya.

3. Ranar rabuwa

Damisa tana ɗaukar ciki wata uku da rabi. Takan haifi ɗiya biyu zuwa huɗu a cikin kogo ko cikin duhuwa. Ana haifuwarsu ido rufe. Uwa kaɗai ke renonsu. Tana shayar da su, tana kawo musu nama, sannan ta koya musu sanɗa da kamu.

In sun kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi, zama ya ƙare. Uwa tana shirin wata haifuwa, kuma yankinta ba ya iya ciyar da su duka. Ɗiya mace takan sami sauƙi. Sau da yawa takan zauna kusa da uwarta, har uwar ta bar mata wani gefe na yankinta. Ɗa namiji ba shi da wannan gata. Babban namijin da ke riƙe da wurin ba ya yarda da shi. Dole ya fita.

A gandun Citwan na ƙasar Nefal, masana sun bi sawun samarin damisoshi shekaru da dama. Sun tarar, in an yi matsakaicin lissafi, mace tana nisanta da wurin haifuwarta kamar kilomita 10, namiji kuwa kilomita 33. Amma wannan a babban daji ne wanda bai yanke ba. In dajin ƙarami ne, kuma ya cika, ina saurayin zai nufa?

4. Gandu kamar tsibiri

A da, dazuzzukan Indiya a haɗe suke, damisoshi kuma dubbai ne. Farauta da saran daji suka rage su. Da aka ƙirga a 1972, sai aka sami 1.827 kaɗai. A 1973 gwamnatin Indira Gandhi ta kafa shirin kare damisa, aka keɓe gandun daji 9. A 2025 gandayen damisa sun kai 58. Ga abin da ƙidaya ta nuna a shekarun baya:

2006: damisa 1.411
2010: damisa 1.706
2014: damisa 2.226
2018: damisa 2.967
2022: damisa 3.682

Ke nan cikin damisa huɗu da ke dajin duniya, wajen uku a Indiya suke. Wannan nasara ce. Amma ta zo da wata matsala. Yawancin gandayen ƙanana ne. Kewaye da su gonaki ne, da ƙauyuka, da hanyoyin mota, da layin dogo, da ramukan haƙar gawayi. Gandu ya zama kamar tsibiri a tsakiyar kogi. In ya cika, samarin da aka kora ba su da wata dabara sai su ratsa ta cikin mutane, su nemi wani tsibirin.

5. Labarin Matafiyi

A jahar Maharashtara ta tsakiyar Indiya akwai wani ƙaramin gandu, sunansa Tipeshwar. Faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 150 ba. Ƙasar manoman auduga ce. A ƙarshen 2016 wata damisa ta haifi ɗiya uku a can, duka maza. Ma'aikata suka ba su lamba C1, da C2, da C3.

A watan Fabrairu na 2019 masana suka sa wa C1 maganin barci, suka ɗaura masa wani abin wuya mai batir. Abin wuyan yana aika saƙo ta tauraron ɗan Adam, yana nuna inda yake kowace awa. Da haka aka san duk inda ya taka.

A watan Yuni na 2019, farkon damina, C1 ya bar Tipeshwar. Ya fara yin kudu, ya shiga jahar Telangana. Ya zaga dazuzzukan can, bai zauna ba. Ya komo Maharashtara, ya miƙe yamma da arewa. Tafiyarsa ba miƙaƙƙiya ba ce. Yakan yi gaba, ya dawo baya, ya tsaya kwanaki a wuri guda, sannan ya wuce. Da rana yana kwance cikin duhuwa ko bakin rafi. Da dare yana ratsa gonaki, yana ƙetare koguna da manyan hanyoyi. Inda ya sami aladen daji ya ci, inda bai samu ba ya kama saniya.

Ya wuce ta bayan ƙauyuka masu yawa, mutane suna barci, ba su san da shi ba. Sau ɗaya kaɗai aka yi arangama. Waɗansu mutane suka kutsa cikin duhuwar da yake hutawa, ya ji wa ɗaya rauni.

A farkon Disamba na 2019 ya isa wani gandu mai suna Dnyanganga. A lokacin ya yi kilomita 1.300 cikin wata biyar, kusan nisan hanyar mota daga Yamai zuwa Difa. Ma'aikata suka laƙaba masa suna Walker, wato Matafiyi. Ya ƙara fita, ya kai duwatsun Ajanta, sannan ya komo Dnyanganga ya zauna. Bayan wata 13 da ɗaura abin wuyan, batir ya kusa ƙarewa, sai aka kwance shi daga nesa, ya faɗi ƙasa. Da aka haɗa lissafi, Matafiyi ya taka fiye da kilomita 3.000. Amma in an ja layi bisa taswira, nisan da ya yi da gida bai wuce kilomita 300 da ƴan kai ba. Sauran duk kai da kawowa ne na neman hanya.

A Dnyanganga ya sami ruwa, ya sami nama, kuma babu namijin da zai kore shi. Abu ɗaya ya rasa: babu mace ko ɗaya a gandun. Mace ba ta yin irin wannan doguwar tafiya cikin gonaki. A farkon 2021 na'urorin hoto suka daina ganinsa a wurin. Wuri mai abinci bai zama gida ba sai an hayayyafa a cikinsa.

6. Haɗarin hanya

Ba kowane saurayi ke kai wa ba. A watan Fabrairu na 2019 wani malamin makaranta a jahar Gujarat ya ga damisa tana ƙetare hanya, ya ɗauki hotonta. An yi wajen shekara 30 ba a ga damisa a jahar ba. Da aka duba ratsin, sai aka gane namiji ne daga dajin Ratapani, mai nisan kilomita 300. Mutane suka yi murna. Bayan mako biyu aka tsinci gawarsa. Yunwa ce ta kashe shi, domin dajin da ya isa ba shi da isasshen nama.

Akwai waɗansu haɗura. Mota takan buge damisa, jirgin ƙasa ma haka. Waɗansu manoma suna kewaye gona da waya mai wutar lantarki saboda aladen daji, sai damisa ta taka ta mutu. Wata takan faɗa rijiyar da ba ta da murfi. Ga kuma mafarautan ɓoye, masu sayar da fata da ƙashi.

Mutanen ƙauye su ma suna cikin haɗari. Talaka mai saniya ɗaya in damisa ta kashe ta, ya yi babbar hasara. Wani lokaci ma rai ake rasawa. A watan Nuwamba na 2018, a gundumar da Tipeshwar yake, an harbe wata damisa mace da aka zarga da kashe mutum 13. Saboda haka gwamnati tana biyan diyya ga wanda aka kashe wa dabba, don kada fushi ya sa shi zuba guba a mushe. Ana kuma gargaɗin mutane: kada a shiga daji da dare, kada a taru bisa damisar da ke kwance, a bar mata hanya ta wuce.

7. Amfanin tafiyar

Tun da tafiyar tana da wuya haka, me ya sa ba a kewaye gandu da shinge kowa ya huta?

Makiyayi ya san amsa. In garke ƙarami ne, kuma bijimi ɗaya da ɗiyansa ke barbara shekara da shekaru, maruƙa sukan fito raunana. Shi ya sa yake neman bijimi daga wani garke. Damisoshi ma haka suke. Baƙon namijin da ya zo daga nesa yana kawo sabon jini. A gandun Similipal na jahar Odisha, wanda ya daɗe a ware, damisoshi sun yi ta barbara tsakanin dangi. Da yawansu ratsinsu ya yi kauri, ya haɗe, har jikinsu ya koma kusan baƙi. A 2024 sai da aka kawo mata biyu daga gandun Tadoba don a sabunta jinin.

Amfani na biyu shi ne raya wurin da ya mutu. In damisoshin wani gandu suka ƙare, baƙi ne kaɗai za su maye gurbinsu. In hanya a toshe take, sai mutane su ɗauko su, kuma aikin yana da tsada da wahala. Gandun Sariska ya rasa damisoshinsa duka saboda mafarauta. A 2008 aka kawo waɗansu daga Ranthambore cikin jirgin sama mai saukar ungulu. Gandun Panna ma ya wayi gari babu ko ɗaya a 2009. Aka kawo mata biyu, sannan aka kawo namiji daga gandun Pench, aka ba shi lamba T3. Bayan ƴan kwanaki T3 ya fice, ya nufi kudu wajen gidansu. Ma'aikata suka bi shi da motoci da giwayen hawa wajen wata guda, har ya yi fiye da kilomita 400. Suka kama shi, suka mayar da shi. Wannan karon ya zauna. A watan Afrilu na 2010 aka haifi ɗiyan farko. Bayan shekara goma damisoshin Panna sun haura 50.

Irin wannan aiki an taɓa yin sa a Nijar. A 2018 an ɗauki raƙuman dawa 8 daga yankin Kure, an kai su gandun Gadabeji na jahar Maraɗi cikin mota, domin babu hanyar da za su bi su kai kansu.

8. Burtalin damisa

Da damina, in gonaki sun rufe ko'ina, ana barin burtali don shanu su wuce daga makiyaya zuwa mashaya. In wani ya nome burtali, shanu sun shiga gona, rigima ta tashi. Damisa ma burtali take bukata tsakanin gandu da gandu. Burtalinta ba sai ya zama babban daji ba. Jerin itatuwa a bakin rafi, da tsauni mai duhuwa, da ɗan kurmin ƙauye sun isa ta ɓuya da rana ta wuce da dare. Amma in an yanke shi wuri ɗaya, dukansa ya lalace.

Hukumomin Indiya sun zana waɗannan hanyoyi bisa taswira. Wadda ta fi suna ita ce ta tsakanin gandun Kanha da gandun Pench. Babbar hanyar mota mai lamba 44 ta ratsa dajin Pench. Da aka tashi faɗaɗa ta, sai aka ɗaga ta bisa ginshiƙai a wuri 9, aka bar ƙarƙashi a buɗe. Mafi tsawo cikinsu ya kai mita 750. Motoci suna gudu a bisa, namun daji suna wucewa a ƙasa. Na'urorin hoto sun ɗauki damisoshi, da barewa, da aladen daji suna bi ta wurin.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Gandayen damisa ma da ƙafar samari suke zumunta. Muddin hanya tana buɗe, gandun da ya cika yana ciyar da wanda ya rasa.

Abin riƙewa

Damisar Asiya ita kaɗai take zama, cikin yanki mai faɗi. In ɗiya suka girma sai su bar uwarsu. Mace tana zama kusa, namiji yana tafiya nesa. Tafiyar tana kai sabon jini, tana kuma raya dajin da ya rasa damisa. Kare gandu kaɗai bai isa ba. Sai an kare burtalin da ke tsakanin gandaye, an kuma kula da mutanen da ke zaune a bakinsa.

Kalmomi da faransanci

damisar Asiya: le tigre
damisa mai roɗi-roɗi: le léopard
gandun daji: la réserve
yanki: le territoire
burtali: le couloir
ratsi: la rayure
ƙidaya: le recensement
diyya: le dédommagement

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin damisar Afirka da damisar Asiya?
2. Yaya ma'aikata suke gane damisa ɗaya daga wata?
3. Ku faɗi alamu uku da damisa take nuna iyakar yankinta da su.
4. Don me ɗa namiji ya fi ɗiya mace tafiya nesa?
5. Me Matafiyi ya samu a Dnyanganga? Me ya rasa?
6. Me ya kashe damisar da ta isa Gujarat?
7. Don me ake biyan diyya ga mai saniyar da damisa ta kashe?
8. Ina kamar burtalin shanu da burtalin damisa?

Lissafi

1. A 2006 an ƙirga damisa 1.411, a 2022 an ƙirga 3.682. Nawa suka ƙaru?
2. Matafiyi ya yi kilomita 1.300 cikin wata 5. In kowane wata tafiyarsa ɗaya ce, kilomita nawa yake yi a wata?
3. Damisa ɗaya tana cin namun daji 50 a shekara. Nawa damisa 6 za su ci cikin shekara 2?

Aiki

1. Ku nemi Indiya da Nefal bisa taswirar duniya. Ku nuna tekun da ke tsakanin Afirka da Indiya.
2. Ku zana gandu biyu cikin littafinku, da gonaki, da ƙauye, da hanyar mota a tsakaninsu. Ku ja burtalin da damisa za ta bi ba tare da ta shiga ƙauye ba.
3. Ku tambayi tsofaffin garinku namun dajin da suke gani lokacin da suna yara, waɗanda babu su yanzu. Ku tambaye su ta inda namun suke biyowa, da abin da ke wurin yau. Ku rubuta amsa cikin jimla goma, ku karanta wa ƴan ajinku.